Ferrari 812 GTS: tambayoyi da amsoshi kan motar da aka cire wa rufi

A watan Satumban 2019 kamfanin Ferrari da ke garin Maranello a arewacin Italiya ya fito da 812 GTS, mota mai kujera biyu, injinta a gaba, rufinta kuma yana naɗewa ya shige baya. Ƙanwar 812 Superfast ce, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Janeba a 2017. Ga abubuwan da masu sha'awar mota suka fi tambaya a kanta.

Ferrari ta daɗe tana ƙera motoci marasa rufi. Me ya sa wannan ta ja hankali haka?

Saboda haɗin da aka yi: injin silinda 12 a gaba, rufi a buɗe, kuma ba a ƙayyade adadin da za a ƙera ba. Rabon kamfanin da sayar da irin wannan ga duk mai kuɗinsa tun 365 GTS/4 ta 1969, wadda aka fi sani da Daytona Spider. Shekara 50 ke nan kafin fitowar GTS. A tsakani an yi wasu, amma ƙididdigaggu ne: 550 Barchetta guda 448 a 2000, Superamerica guda 559 a 2005, SA Aperta guda 80 a 2010, sai F60 America guda 10 kacal a 2014. Irin waɗannan kuɗi kaɗai ba ya sayensu, sai kamfanin ya san ka a cikin manyan abokan cinikinsa. Ita kuwa GTS ta shiga jerin motocin da ake yin oda a biya a jira.

Akwai kuma tarihi a ciki. Motar farko da ta ɗauki sunan Enzo Ferrari, wato 125 S ta 1947, injin silinda 12 ne da ita a gaba, mai lita ɗaya da rabi, kuma ba ta da rufi.

Wane irin inji ne a cikinta?

Lita 6.5 ne, silinda goma sha biyu a layi biyu, shida dama shida hagu, an karkatar da su kamar harafin V. Yana ba da ƙarfin doki 800 a ma'aunin Turai, wato 789 a ma'aunin Amurka da Ingila, lokacin da yake juyi 8,500 a minti ɗaya. Iyakar juyinsa 8,900. Ƙarfin murɗawarsa kuwa 718 ne a ma'aunin Nm, a juyi 7,000.

Amfanin yawan silinda shi ne santsi. Kowace silinda takan kama wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu na inji, don haka silinda 12 na nufin wuta shida a kowane juyi. A juyi 8,500, wuta 850 ke nan cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin bugun wannan fistin ya gama, na gaba ya riga ya kama, shi ya sa injin ba ya jijjiga kamar mai silinda huɗu, kuma kukansa ya fi kama da sarewa mai kaifi a kan gurnani. Ana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsin da ya kai 350 a ma'aunin bar, don man ya zama ƙura-ƙura ya ƙone sarai. Bututan da iska ke bi ta shiga injin kuma tsawonsu na canjawa daidai da juyin da ake yi, dabarar da aka ɗauko daga injinan tseren Formula 1 na kamfanin.

Me ya sa ba a sa masa turbo ba, alhali kusan kowa ya koma can?

Nan ne ra'ayin masu ƙera motar ya fito fili. Turbo wani fanka ne da hayaƙin inji ke juyawa, shi kuma ya tura ƙarin iska cikin silinda. Yana sa ƙaramin inji ya yi aikin babba, ya kuma rage shan mai. Ita kanta Ferrari ta sa shi a injinanta masu silinda takwas, irin na 488 da F8. Amma yana da aibi biyu. Na ɗaya, akwai ɗan jinkiri tsakanin taka totur da zuwan ƙarfi, don sai hayaƙi ya taru ya juya fankan. Na biyu, fankan na tsaye a hanyar hayaƙi, yana shanye kaifin sauti.

Injin 812 da kansa yake zuƙar iska. Ƙarfinsa yana ƙaruwa ne sannu a hankali daidai da juyi, kuma mafi daɗinsa yana can sama, bayan juyi 6,000, inda yawancin motoci sun riga sun nemi a canja giya. A ganina wannan ne dalilin wanzuwar GTS gaba ɗaya. Wanda ya sayi Superfast yana jin injin ta bayan gilashi da rufi. Wanda ya sayi GTS ya biya ƙarin kuɗi ne don a cire abin da ya raba kunnensa da salansa. Da yake dokokin hayaƙi na Turai sun tilasta sa matatar toka a salansar, injiniyoyin sun sake fasalin bututan hayaƙin don kada matatar ta danne sautin.

Cire rufi ba yankewa ba ne kawai? Ina wahalar take?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Rufin mota ba laima ba ne kawai, ɓangare ne na ƙashin motar. Ɗauki kwali mai murfi ka murɗa shi da hannu biyu, zai yi tauri. Cire murfin ka sake murɗawa, nan take zai lanƙwashe. Haka jikin mota yake. Idan taya ɗaya ta hau tudu, ko aka shiga kwana da gudu, jikin na neman murɗewa, rufin ne ke haɗa gaba da baya ya hana. In babu shi, direba zai ji sitiyari na rawa a hannunsa, ya ga madubin ciki na karkarwa, kuma tayoyin ba za su tsaya a kusurwar da aka tsara musu ba. A motar da ke ja da ƙarfin doki 800 wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Maganin shi ne a mayar da taurin zuwa ƙasa: a ƙarfafa dokin ƙofa, da daben motar, da ginshiƙan gilashin gaba, waɗanda yanzu su ne za su tare nauyi idan motar ta kife. Ƙarin ƙarfe kuwa ƙarin nauyi ne, ga kuma injinan da ke ɗaga rufin. Jikin 812 na alminiyam ne, kuma GTS ta fi Superfast nauyi da kilo 75. An sake saita shokozobanta don ta amsa wa direba kamar yadda mai rufin ke yi duk da wannan ƙarin.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. McLaren na gina motocinta a kan wani kwarin zama na zaren kabon, wanda taurinsa bai dogara da rufi ba. Shi ya sa 720S Spider ba ta buƙaci ƙarin ƙarfafawa ba, kuma kilo 49 kawai ta fi 'yar'uwarta mai rufi.

To iska fa? Ba ta damun mutum a ciki?

Iska matsala biyu ce. Ta farko ta fasinja: iskar da ta wuce gilashin gaba takan juyo ta bugi mutum ta ƙeya. Don haka aka sa wasu 'yan fika-fikai biyu masu siffar harafin L a kusurwoyin saman gilashin gaba, suna karkatar da iskar ta tsallake kan mutane. Bayan kujeru kuma akwai ƙaramin gilashi mai hawa da sauka da lantarki. In an ɗaga shi ya tare iska, in an rufe rufin ana iya sauke shi don sautin inji ya shigo.

Ta biyu ta motar ce. A babban gudu ana so iska ta danne mota ƙasa don taya ta kama kwalta. Superfast na da wasu hanyoyin iska ta saman tayoyin baya, amma a GTS wurin ajiye rufi ya cinye su. Sai aka sake fasalin ƙarƙashin bayan motar, aka ƙara masa fiffike ɗaya, don a maido da abin da aka rasa.

Gudu nawa take yi?

Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, ƙasa da daƙiƙa uku. Zuwa 200, daƙiƙa 8.3, inda Superfast ke yi a 7.9, kuma a nan ne kilo 75 ɗin ke nuna kansu. Ƙarshen gudunta ya haura kilomita 340 a awa, wato kusan mita 94 a kowace daƙiƙa. Alƙaluman kamfani ne waɗannan, a filin gwaji mai santsi.

Duk wannan ƙarfin tayoyin baya biyu kaɗai ke ja?

Ƙwarai. An tura injin baya sosai har ya wuce tsakiyar tayoyin gaba, shi ya sa hancin motar ya yi tsawo haka. Akwatin giya kuma yana can baya tare da tayoyin da ke ja. Sakamakon haka kashi 47 cikin ɗari na nauyi na gaba, 53 na baya, kan tayoyin da faɗinsu ya kai milimita 315. Giya bakwai ce mai kuloci biyu: ɗaya na riƙe da giyar da ake ciki, ɗayan ya riga ya shirya ta gaba, don haka canjin ba ya katse ƙarfi.

Tayoyin baya ma suna ɗan karkata kaɗan don taimaka wa na gaba a kwana. Sitiyarin na lantarki ne, kuma Superfast ce Ferrari ta farko da aka yi wa haka. Kwamfutar motar na auna yadda bayan ke zamewa, in ya fara sulluɓewa sai sitiyarin ya yi sauƙi ta gefen da ya kamata direba ya juya. Birkin na kamfanin Brembo ne, na kabon da tangaran, wanda ba ya sanyin gwiwa idan ya ɗau zafi.

Me mutum zai tarar a ciki?

Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne kusan komai na kan sitiyari: maɓallin tada inji, sigina, abin goge gilashi, da wani ɗan makunni ja da ake kira manettino, wanda ke zaɓar yawan taimakon da kwamfuta za ta bayar, daga yanayin ruwan sama har zuwa kashe taimakon baki ɗaya. Agogon juyin inji ne babba a tsakiya, da ƙananan allo biyu a gefensa. Babu ƙaton allon taɓawa irin na motocin yanzu, kuma ni ban ga an yi asara ba. But ɗinta lita 210 ne, tankin mai lita 92.

Rufin na yadi ne ko mai tauri?

Mai tauri ne. Yana buɗewa cikin daƙiƙa 14, ko da motar na tafiya, muddin ba ta wuce kilomita 45 a awa ba. Porsche 911 Cabriolet da Bentley Continental GTC sun tsaya kan rufin yadi, ita ma Ferrari ta koma masa a Roma Spider ta 2023. Mai tauri ya fi tare hayaniya da wahalar yankewa, na yadi ya fi sauƙin naɗewa a ƙaramin wuri.

Za ta iya hanya mai ramuka?

Da ƙyar. Hancinta dogo ne kuma kusa da ƙasa, gefen tayoyinta siriri ne, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili. Akwai na'urar ɗaga gaban mota don tsallake tudun rage gudu, amma sai an biya ta daban. Injin kuma na son fetur mai ingancin gaske saboda tsananin matsin da ke cikin silindarsa. Ferrari na ba sababbin motocinta sabis na shekara bakwai kyauta, sai dai a garejin dillalanta ake yi, ba wurin kowane bakanike ba.

Har yanzu ana ƙera ta?

A'a. A watan Mayun 2024 kamfanin ya nuna magajiyarta, 12Cilindri, tare da mai buɗaɗɗen rufinta, a birnin Mayami na Amurka. Injin dai lita 6.5 ne ba turbo, amma ƙarfinsa ya koma doki 830, juyinsa ya kai 9,500, giyarta kuma ta zama takwas. Mai neman 812 GTS yanzu sai dai ya sayi ta hannu.