Me Ake Nufi da Kiwon Lafiya Matakin Farko?

Da wuya mako ya wuce ba a ji wannan magana a labaran rediyo ba: gwamna ya ƙaddamar da cibiyar kiwon lafiya matakin farko, ko hukumar kula da lafiya matakin farko ta fara zagayen riga-kafi. Saboda an fi jin ta a wajen bikin buɗe gini, mutane da dama sun ɗauka suna ne na ƙaramin asibitin ƙauye, irin wanda iyayenmu suke kira sha-ka-tafi. Ginin yana cikin abin da ake nufi, amma shi ne ɓangare mafi sauƙin samarwa. Abin da masana suke nufi shi ne kulawar da mutum yake fara samu kusa da gidansa, a kan kuɗin da shi da al'ummarsa za su iya ɗauka, wadda take farawa tun kafin ciwo ya kama shi.

Maganar ta samu gindin zama ne a watan Satumba na 1978, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tara ƙasashen duniya a birnin Alma-Ata na Kazakistan, wadda a lokacin take cikin Tarayyar Sobiyat, aka sa burin samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Abubuwan da taron ya ce dole a same su sun haɗa da wayar da kan jama'a, da abinci mai gina jiki, da ruwa mai tsabta da tsabtar muhalli, da kula da mata masu ciki da ƙananan yara, da riga-kafi, da daƙile cututtukan da suka zama ruwan dare a yanki, da maganin ƙananan cututtuka da raunuka, da wadatar muhimman magunguna. Duk wanda ya duba wannan da kyau zai ga cewa rijiyar burtsatse da masai mai kyau suna cikin aikin, kamar yadda allura da ƙwaya suke cikinsa.

A Najeriya an raba nauyin lafiya gida uku. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya, jihohi suna riƙe da manyan asibitocin gari, matakin farko kuma aka bar wa ƙananan hukumomi 774. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya fi kowa ɗaukar tsarin da muhimmanci. Ya fara gwada shi a ƙananan hukumomi 52, kuma a 1992 aka kafa hukumar tarayya mai kula da bunƙasa shi. A ganina tushen matsalar yana cikin wannan rabo, domin an ɗora aikin da ya fi shafar mafi yawan jama'a a wuyan matakin gwamnatin da ya fi kowane rauni, wanda shekara da shekaru kuɗinsa yake bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, sau da yawa abin da yake isa gare shi bai wuce na albashi ba.

Amfanin matakin farko ya fi fitowa fili a wajen awon ciki. Idan mace ta je awo, ma'aikaciya za ta ɗaura mata abin auna hawan jini a damtse, ta gwada fitsarinta, ta duba kumburin ƙafa, ta ba ta ƙwayar ƙarin jini da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Aiki ne na mintuna kaɗan, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma wannan ɗan awon ne yake gano hawan jinin da, idan aka bar shi, yake rikiɗewa ya zama jijjiga a lokacin naƙuda. Inda babu awo, ko cibiyar take a kulle da zarar la'asar ta yi saboda ma'aikaci ɗaya ne tal, sai a wayi gari ana neman mota da tsakar dare, a yi tafiya mai nisa a kan hanya marar kyau zuwa babban asibiti, can kuma a tarar da layi, a ce a nemo jini, a sayo safar hannu da ruwan ƙari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa a Najeriya suke, kuma abin ya fi ƙamari a arewa maso yamma da arewa maso gabas. Mafi yawan waɗannan rayuka ana iya ceto su da ungozoma ƙwararriya da magunguna masu araha.

Haka abin yake a riga-kafin yara. Allurar ƙyanda tana lalacewa idan ta sha zafi, don haka cibiyar da ba ta da wuta ko firji mai aiki da hasken rana ba za ta iya ajiye ta ba. Najeriya tana sahun gaba a yawan yaran da ba a taɓa yi musu allurar riga-kafi ko ɗaya ba, alhali ita ce ƙasar da ta iya bin gida-gida har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan nasara ta nuna cewa ana iya isa kowane lungu idan an sa himma da kuɗi. Abin da ya gagara shi ne mayar da irin wannan himma ta zama aikin yau da kullum.

Ana ƙiyasta cewa akwai cibiyoyin matakin farko kusan 30,000 a ƙasar, amma an daɗe ana cewa kusan kashi 20 cikin 100 ne kaɗai suke aiki yadda ya kamata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan siyasa ya fi son gini, domin ana ganinsa, ana yanke kyalle, ana rubuta suna a allo, amma albashin ungozoma da gidan da za ta kwana da cika ma'ajin magani kowane wata ba su da ranar biki. Idan mutum ya je sau ɗaya aka rubuta masa takarda aka ce ya sayo a waje, gobe kai tsaye kemis zai wuce, ko wajen mai maganin gargajiya, ko kuma ya daure har ciwo ya ci ƙarfinsa. Shi ya sa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, shi ya sa kuma manyan asibitoci suke cika da masu zazzaɓi da gudawa, ciwon da ya kamata a gama da shi tun a mazaɓa.

An yi ƙoƙarin gyara. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, inda ta ce a zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Alherin wannan asusu shi ne wani kaso yana shiga asusun cibiyar kai tsaye, a ƙalla cibiya ɗaya a kowace mazaɓa, domin a sayi magani, a gyara rufi ko famfo ba tare da jiran sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Tsarin ya tanadi kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi mutanen gari maza da mata, ya sa ido a kan yadda ake kashe kuɗin, kuma duk mazaunin mazaɓa yana da haƙƙin ya tambayi kwamitin nawa aka turo a wannan zangon da abin da aka saya da shi.