Ƙananan harsunan jihar Kebbi da yadda ƙaura ke taɓa su

Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991, jiha ce mai harsuna da yawa duk da cewa baƙo in ya sauka Birnin Kebbi ko Argungu Hausa kawai zai ji. A ƙasar Zuru akwai C'lela na Dakarkari, da yaren Fakkawa da na Dukawa, a ƙasar Yawuri akwai Kambari da Reshe wato yaren Gungawa, can wajen Kamba da Illo kuma kusa da iyakar Nijar da Benin ana jin Dandanci da Zabarmanci da Kyanganci, ga Fulatanci ko'ina akwai ruga.

Ƙaurar da ta fi girgiza harshe a yankin ita ce ta dam ɗin Kainji da aka gama a 1968. Gungawa mutanen tsibiri ne, sunan ma daga gungu ya fito, suna noma suna su a tsakiyar kogin Kwara, to da ruwa ya cinye tsibiran sai gwamnati ta kwashe su zuwa sabbin ƙauyuka a tudu inda maƙwabci Bahaushe ne, kasuwa ta Hausa ce, makarantar allo ma da Hausa malam ke fassara, kafin ka ce me yara sun koma amsa wa kakanninsu da Hausa. Kyangawa su tasu ta riga ta yi nisa, mafi yawansu sun koma Hausa ko Dandanci, sai ƙauyuka kaɗan ke riƙe da yaren.

Zuru labarinta daban ne. An san mutanenta da shiga soja, kuma ɗan da ya tashi a bariki a Kaduna ko Legas Hausar bariki da Turanci yake dawowa da su gida. Amma C'lela bai yi rauni kamar sauran ba, dalili kuwa al'ada ce ta riƙe shi: golmo, noman da samari ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata, da bikin Uhola bayan girbi, duk waƙoƙinsu da kirarinsu da yaren ake yi, wanda bai iya ba ai sai dai ya tsaya gefe yana kallo. Har ma C'lela ɗin ya haɗiye wani, don Damakawa na yankin Sakaba shi suka koma, nasu yaren saura kalmomi a bakin tsofaffi.

Addini bai cika taimaka wa ƙananan yarukan ba, wa'azi a masallaci da Hausa ne, coci ma tun da aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932 da ita aka fi yin sujada. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, amma fa a ƙauyen Kambari malamin da aka turo sau da yawa ba ya jin yaren, littafin ma babu, sai ya buɗe baki da Hausa.