Rufin albashin NFL da guraben zaɓe: waiwaye zuwa watan Maris na 2021

Duk shekara da Maris ya kama, muhawara ɗaya ce ke tashi tsakanin masu bin ƙwallon ƙafar Amurka: rufin albashin da babbar gasar wasan, NFL, ta ɗora wa kulob-kulob ɗinta 32, wato iyakar jimillar kuɗin 'yan wasa da kowane kulob zai iya ɗorawa kan kasafinsa na shekara, yana aiki kuwa, ko rubutu ne kawai a takarda? Kulob zai wayi gari lissafi ya nuna ya zarce iyaka da dala miliyan 40 ko 50, kafin mako ya zagayo ya koma ƙasa da ita, bai sallami ko ɗaya daga manyan 'yan wasansa ba. Masu cewa dokar ta mutu da wannan suke kafa hujja. Masu cewa tana nan da ranta kuwa sai su nuna kulob ɗin da ya cika fili da yaran da aka zaɓo jiya, saboda wani babban kaso na kasafinsa ya tafi kan mutanen da suka daɗe da cire rigarsa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan lamari ba bana ya fara ba.

Farkon labarin sananne ne. An fara zaɓen 'yan wasa daga jami'o'i a 1936 bisa shawarar Bert Bell, mai kulob ɗin Philadelphia Eagles a lokacin: wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓe. Bayan yajin aikin 1987 da shari'o'in da suka biyo baya, sulhun 1993 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin zuwa inda ya ga dama, masu kulob su kuma suka samu rufin albashi, wanda ya fara aiki a 1994 kan dala miliyan 34.6. A shekarar ne aka rage zaɓen zuwa zagaye 7, inda kulob-kulob ke bin layi a kowane zagaye, kowa ya ɗauki ɗan wasa a gurbinsa. Sai yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa, da ta yanke wa sabbin shiga farashi. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya samu dala miliyan 78 na shekara 6, miliyan 50 daga ciki garanti, wato dole a biya shi ko da an sallame shi. Cam Newton da ya biyo shi a 2011 miliyan 22 ya samu na shekara 4. Yawancin masu sharhi a nan suke tsayawa, su ce daga 2011 komai ya sauya.

Sun faɗi rabin magana. Akwai wata ƙa'idar lissafi da ke kwance cikin tsarin tun ranar farko: kuɗin sa hannu, wanda ake damƙa wa ɗan wasa gaba ɗaya idan ya rattaba hannu, ba a lissafa shi a shekara guda. Ana raba shi daidai kan shekarun kwantiragin, kuma a ƙa'idar yanzu iyakarsa shekara 5. Albashin shekara kuwa duk a shekararsa yake hawa. Tun 1995 aka ga abin da wannan ke iya yi, lokacin da Deion Sanders ya koma kulob ɗin Dallas kan dala miliyan 35 na shekara 7, kusan miliyan 13 daga ciki kuɗin sa hannu ne, albashinsa na shekarun farko kuma mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Amma shekaru da yawa ana kallon wannan hanya a matsayin maganin gaggawa, abin da kulob ke yi wa mutum ɗaya ko biyu idan ya matsu. Abin da ya mayar da ita abincin yau da kullum ya faru ne cikin kwana tara na watan Maris ɗin 2021.

Ga yadda aka zo wurin. Rufin albashi kaso ne na kuɗin shigar gasar, kuma daga 2014 zuwa 2020 bai taɓa ƙaruwa da ƙasa da dala miliyan 10 a shekara ba, daga miliyan 123 a 2013 har ya kai miliyan 198.2. Duk kwantiragin da aka rubuta a tsakanin an gina shi ne kan cewa baɗi za ta fi bana, shi ya sa ake tura albashi mai nauyi zuwa shekarun ƙarshe. Sai annobar korona ta zo, aka buga kakar 2020 filaye babu kowa ko da 'yan kallo kaɗan. Tun watan Yulin 2020 gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka amince cewa rufin 2021 ba zai gaza miliyan 175 ba, za a rarraba ragowar asarar kan shekaru masu zuwa. Ranar 10 ga Maris aka sanar da adadin: miliyan 182.5. Da an bi sahun shekarun baya da ya kai wajen 208, wato kowane kulob ya tashi da giɓin kusan miliyan 25 tsakanin abin da ya tsara da abin da aka ba shi, ga shi dole kowa ya koma ƙarƙashin rufin kafin sabuwar shekarar gasar ta buɗe ranar 17 ga wata.

Washegarin buɗewar, 18 ga Maris, aka sanar da sabbin yarjejeniyoyin nuna wasanni a talabijin da intanet, na kimanin dala biliyan 110 cikin shekara 11, daga 2023 zuwa 2033. Wannan haɗuwar ita ce mahaɗar. Mai tsara kasafin kulob yana zaune da rufi mafi matsi da ya gani cikin shekaru, kuma ya san tabbas cewa nan da shekara biyu ko uku kuɗi za su kwararo. Duk mai hankali a wannan kujera abu ɗaya zai yi: ya ci amfanin baɗi tun bana.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. A ɗauki misalin ɗan wasa mai albashin dala miliyan 21 a bana, saura shekara 2 kwantiraginsa ya ƙare. Sai a bar masa kusan miliyan 1 a matsayin albashi, don ba a sauka ƙasa da mafi ƙarancin da doka ta sa, a mayar da miliyan 20 kuɗin sa hannu, a ba shi nan take. Shi bai yi asarar ko sisi ba, ya ma karɓi kuɗinsa da wuri. Idan aka raba miliyan 20 kan shekara 2 da suka rage, miliyan 10 ke hawa bana. Don a ƙara sauƙaƙawa sai a liƙa wa kwantiragin shekara 3 na takarda, waɗanda an rubuta tun farko cewa za su soke kansu a wata rana da aka ƙayyade, ɗan wasan ba zai buga ko wasa ɗaya a cikinsu ba. Yanzu an samu shekara 5, kowacce miliyan 4. Nauyinsa na bana ya sauko daga 21 zuwa 5, kulob ya samu sararin miliyan 16. A yi wa mutum huɗu ko biyar haka, giɓin ya toshe.

Bashin yana nan. Ranar da kwantiragin ya soke bayan shekara ta biyu, miliyan 12 da suka rage za su faɗo gaba ɗaya kan kasafin shekara ta uku, ko da mutumin yana buga wa wani kulob ko ya yi ritaya. Shi ake kira mataccen kuɗi. Shekarun takarda ba a 2021 aka ƙirƙiro su ba, amma a watan nan ne suka bar hannun tsiraru suka zama kayan aikin kusan kowa, har da kwantiragin shekara ɗaya na 'yan wasa matsakaita.

Abin da ya sa dabarar ba ta koma aljihu ba bayan annoba shi ne ta yi riba. Rufin ya koma miliyan 208.2 a 2022, 224.8 a 2023, 255.4 a 2024, sannan 279.2 a 2025: ƙarin sama da kashi 50 cikin ɗari a shekara huɗu. Miliyan 4 a kasafin 2021 kashi 2.2 ne cikin ɗari, a kasafin 2025 kuwa kashi 1.4. Bashi ne marar ruwa wanda nauyinsa ke raguwa da kansa. Tunda kuma yarjejeniyar 2011 ta ba kulob damar ɗaukar sararin da bai yi amfani da shi ba zuwa shekara mai zuwa, wanda ya buɗe sarari bai kashe ba bai rasa komai ba. A ganina a nan tushen muhawarar yake: ƙa'idojin nan da aka rubuta a lokuta daban-daban, kowacce da dalilinta mai kyau, suka haɗu da shekara guda ta matsi da tabbacin kuɗi a gaba. Akwai kuma wani gefen da ba a cika faɗa ba. Kuɗin sa hannu tsaba ake biya tun farko, kuma doka ta tilasta a ajiye kuɗin garanti masu yawa a asusun ajiya, don haka rufin ɗaya ne ga kowa amma ƙarfin cika aljihu kafin lokaci ba ɗaya ba ne.

To ina zaɓen 'yan wasa ya shigo? Ta nan aka biya bashin. Teburin darajar gurabe, wanda ake auna musayar gurabe tsakanin kulob-kulob da shi, da Dallas ta fito da shi a farkon shekarun 1990, wanda ake dangantawa da koci Jimmy Johnson, ya ba gurbi na farko maki 3,000, na 16 maki 1,000, na 32 maki 590. An yi shi kafin rufin albashi, bai san farashin kowa ba. Yau gurbin zaɓe takardar rangwame ce. Wanda aka zaɓa yana sa hannu kan shekara 4 a farashin da aka riga aka yanke, kuma ba a yarda a sake fasalin kwantiraginsa ba sai ya kammala kaka uku. Caleb Williams, na farko a 2024, ya samu kimanin miliyan 39.5 na shekara 4, ƙasa da miliyan 10 a shekara. A shekarar ce Dak Prescott ya sa hannu kan miliyan 60 a shekara. Su biyun kwatabak ne, masu jefa ƙwallo da jagorantar hari, kuma tazarar miliyan 50 da ke tsakaninsu ta isa albashin ƙwararru uku ko huɗu. San Francisco ta kai Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, na Fabrairun 2024 da Brock Purdy, na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, nauyinsa a kasafi bai kai miliyan 1 ba. A Mayun 2025 ya sa hannu kan miliyan 265 na shekara 5, lissafin kulob ɗin kuma ya sauya gaba ɗaya.

Shi ya sa mai tsarawa ba ya raba allon zaɓe da allon kasafi. Yana duba shekarar da mataccen kuɗi zai faɗo, ya tabbatar yana da gurabe da yawa shekara ɗaya ko biyu kafin nan, don yaran su nuna kafin manyan su tafi. Yana lissafin cewa daga Maris har zuwa fara kaka kwantiragi 51 mafi tsada kawai ake ƙirgawa, saboda haka yaron zagaye na 6 ko na 7, wanda albashinsa na farko a 2025 dala 840,000 ne, kusan ba ya ƙara komai. Yana ware kuɗin mutum na 52 da na 53, waɗanda ke cike jerin 'yan wasan kulob idan kaka ta fara, da 'yan atisaye, da waɗanda za a ɗauko idan rauni ya zo a Nuwamba. Ya san bambancin gurbi na 32 da na 33: ɗan zagaye na farko kaɗai ke zuwa da zaɓin shekara ta biyar, wato damar kulob ya ƙara riƙe shi shekara ɗaya bayan huɗun farko, wanda ake yankewa a farkon Mayu bayan kakarsa ta uku, kuma tun yarjejeniyar 2020 da zarar an ɗauke shi ya zama garanti. Baltimore ta yi musaya ta hau gurbi na 32 a 2018 ta ɗauki Lamar Jackson. Sannan akwai guraben diyya, daga zagaye na 3 zuwa na 7, ga kulob ɗin da ya rasa 'yan wasa fiye da waɗanda ya ɗauko. Ba a ba kulob fiye da 4 a shekara ta wannan lissafi, kuma wanda ka sallama da kanka ba ya ciki.

Inda abin ke ɓaci kusan wuri ɗaya ne: jikin ɗan Adam. Kowane sake fasali yana ƙara tsadar rabuwa. Ɗan wasa mai shekara 31 da aka tura kuɗinsa gaba sau uku, idan gwiwa ta tafi, sallamarsa na iya fin riƙe shi tsada a kasafi. Akwai sassauci: wanda aka sallama bayan 1 ga Yuni ana raba mataccen kuɗinsa gida biyu, kason bana a bana, ragowar baɗi, kuma kulob na iya sallamar mutum biyu tun Maris ya sa musu wannan alama. Sai dai sararin ba ya buɗewa sai 2 ga Yuni, lokacin da kasuwar ƙwararru ta riga ta watse. A 2022 wani kulob ya ɗauki miliyan 40.5 kan mutum ɗaya da ya tafi. A 2024 a wani kulob ɗin daban adadin ya kai miliyan 85, aka raba shi 53 da 32. Miliyan 53 ɗin ya haura kashi ɗaya cikin biyar na rufin shekarar. Mafi muni shi ne biyan kuɗi sau biyu: a ba da guraben zagaye na farko don ɗauko ƙwararre, sannan a ba shi babban kwantiragi. Idan bai yi ba, ga bashi, ga babu yara masu arha da za su ɗauki nauyin. Kuma yaran ma ba tabbas ba ne, binciken Cade Massey da Richard Thaler na 2005 ya nuna ana ba guraben sama daraja fiye da abin da suke haifarwa.

Duk wannan gini yana tsaye ne kan rufin ya ci gaba da hawa. Yarjejeniyar da 'yan wasa suka amince da ita a Maris ɗin 2020, da ƙuri'a 1,019 kan 959, za ta ƙare ne bayan kakar 2030. Kuɗin sa hannun da aka raba shekara 5 daga 2026 zai tsaya daidai kan wannan iyaka, wanda aka raba daga 2027 kuwa wutsiyarsa za ta shiga shekarar da ba a rubuta ƙa'idojinta ba tukuna.