Ba Mai Laifi Mafaka: Ina Karamci Ya Tsaya a Idon Doka?

Ƙarfe ɗaya na dare aka buga ƙyaure. Tsohuwa ta haska tocila, sai ga ɗan ƙanenta tsaye a zaure yana haki, takalmi ƙafa ɗaya, riga a yage. "Gwaggo, ki rufa min asiri. Faɗa muka yi na soki wani, 'yan sanda na nema na." Ta jawo shi ciki, ta ɗumama masa sauran tuwon dare, ta ba shi rigar marigayi maigidanta. Da asuba ta kwance bakin zane ta ƙirga masa kuɗin mota, ta ce ya wuce ƙauye wajen kawunsa sai ƙura ta lafa.

Misali na kawo, amma da wuya a sami unguwar da ba ta san irinsa ba. Abu huɗu tsohuwar nan ta bayar: ɗaki, tuwo, riga, kuɗin mota. Kowanne daga cikinsu doka ta ambace shi da sunansa, kuma kowanne kaɗai ya isa a gurfanar da ita.

Kalmar da dokokinmu na Turanci suka sa wa wannan laifi ita ce harbour. Da ita kuma Turawa ke kiran wurin da jiragen ruwa ke fakewa daga iska da igiyar teku, irin tashar Apapa ta Legas. A tsohon Ingilishi kalma biyu aka haɗa, runduna da mafaka, wato masaukin mayaƙa. Don haka asalinta ba mummuna ba ne. Mu ma haka abin yake wurinmu: rufin asiri shi muke roƙon Allah safe da yamma, kuma tun muna yara muke jin baƙonka Annabinka. Shi ya sa wannan laifi ya fi faɗa wa mutanen kirki.

Kundin Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuffuka, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, an ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. A wajen fassarar kalmomi ya bayyana cewa mutum ya ba wani mafaka idan wancan ya aikata laifi, ko yana shirin aikatawa, ko yana gudun kamu, shi kuma ya ba shi wurin fakewa, abinci, abin sha, kuɗi, tufafi, makami, harsashi ko abin hawa, ko ya taimaka masa ta kowace hanya ya zille wa kamu. Ka lura, ba sai ya kwana a ɗakinka ba. Ara masa babur ya isa. Tura masa kuɗi ta waya ya isa. Kiran da za ka yi ka ce kada ya dawo gida yau, ana jiransa, shi ma taimako ne.

Sashe na 167 shi ya yanke hukunci: ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5, haɗe da tara. Sashen ya haɗa mai ɓoye mutum da mai ɓatar da shaida, kamar wanda ya wanke wuƙar ko ya ƙona rigar mai jini, da kuma wanda ya shara wa hukuma ƙarya don ya kare mai laifin. Jihohi da dama sun sabunta kundinsu, Kaduna ta yi nata a 2017, wasu kuma suna da kundin Shari'ar Musulunci tun daga 2000, saboda haka lambar sashe da yawan shekaru kan bambanta. Laifin dai yana nan.

To a ina karamci ya tsaya? A kan sani. Dokar ta ce sai mutum ya san wanda ya ɓoye mai laifi ne, ko kuma yana da dalilin da zai sa ya gaskata haka. Idan matafiyi ya yi sallama da magariba ka ba shi ruwa da tabarma a zaure, gari ya waye aka ce ɓarawon shanu ne, babu abin da ke kanka. Mai shayin da ya haɗa masa kauri bai yi laifi ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauke shi kamar kowane fasinja bai yi laifi ba. Kuma ba kai za ka tabbatar da rashin saninka ba; sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke ka marar laifi har sai mai gabatar da ƙara ya kawo hujja.

Sai dai rabin jimlar na biyu shi ke kama mutane, wato "dalilin gaskatawa". Ba za ka rufe ido da gangan ka ce ba ka gani ba. Ka ba wasu samari hayar gida a bayan gari, sun biya kuɗin shekara ninki ba ciniki, ba sa fita sai dare, kana ganin ana shigar da abincin mutum goma alhali su uku ne, maƙwabta sun ce suna jin kuka. Ranar da aka fasa gidan aka fito da waɗanda aka sace, alƙali zai tambayi abin da mai hankali zai fahimta daga waɗannan alamu. "Ban tambaye su ba" amsa ce mai rauni ƙwarai.

Idan maganar ta kai ga ta'addanci, lissafin ya sauya gaba ɗaya. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, aka buga a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Dokar hana ta'addanci ta 2022 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 20 ba ga wanda ya ɓoye ɗan ta'adda yana sane. A can shekara 5 ce iyakar sama, a nan shekara 20 ce mafi ƙaranci. Mai kai burodi da fetur daji don riba ya san inda ya sa ƙafarsa.

Wanda ke damuna shi ne mutumin ƙauyen Zamfara ko Katsina da aka zo masa da bindiga aka ce matansa su dafa abinci. Sashe na 57 na Final Kod ya ce abin da mutum ya yi bisa tilas, yana tsoron a kashe shi nan take, ba laifi ba ne, in ban da kisan kai da laifuffukan cin amanar ƙasa masu hukuncin kisa. Amma kariyar ƙunci gare ta. Ta yi maganar mutuwa nan take, alhali barazanar da ƙauyawa ke rayuwa a cikinta ita ce "za mu dawo". A ganina, duk jami'in da zai kama manomi da sunan ya ciyar da 'yan bindiga, ya kamata ya fara duba ko akwai wanda ya zo ya kare garin ranar da suka shigo. Doka ta bambanta mai haɗin baki da wanda aka fi ƙarfi, kuma wajibi ne masu aiki da ita su bambanta.

Mata kan tambaya: har mijina? A Kudu, sashe na 10 na kundin laifuffukansu ya yafe wa matar da ta ɓoye mijinta da mijin da ya ɓoye matarsa, amma ya taƙaita sassaucin ga auren Kirista, abin da masana shari'a suka daɗe suna suka. Wannan na Kudu ne, matar da ke Kano ko Gusau kada ta jingina da shi. Uwa da gwaggo kuwa ko a can ba sa ciki.

Akwai inda tsoron wannan laifi ya ci rayuka. Dokar fashi da makami ta 1984 ta haramta ba ɗan fashi masauki, ta kuma wajabta wa asibiti sanar da 'yan sanda idan an kawo mai raunin harsashi. Ba ta ce kada a yi magani ba, amma sai asibitoci suka riƙa cewa a kawo takardar 'yan sanda tukuna, mutum na zubar da jini a bayan mota. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta warware wannan: dole asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi majinyaci ko da takarda ko babu, sannan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani. Wanda ya taimaka ya kawo shi ma dokar ta ce a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyin da ba su da dalili.

Haka kuma, zama ɗan'uwan wanda ake nema ba laifi ba ne. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, da dokar 'yan sanda ta 2020, sun hana a kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗa ya fito. In za a kama shi, sai da zargin cewa shi da kansa ya ɓoye yaron yana sane.

Mu koma zauren Gwaggo. Ba wanda ya ce ta rufe ƙofa ta bar ɗan ƙanenta a titi, inda 'yan'uwan wanda aka soka za su iya ɗaukar fansa kafin gari ya waye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon da hana shi zaluncin. Abin da ya fi mata shi ne ta zaunar da shi, ta aika a taso mai unguwa ko wani dattijon gidan a daren, su raka shi caji ofis da ƙafarsa. Tuwon da ya ci yana jiran dattijai ba na gudun kamu ba ne. Kuɗin da ke bakin zanenta kuma, maimakon tasha, su tafi wajen lauya. In babu halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi.