Thanksgiving a nesa da Amurka: tambayoyi da amsoshi

Wace rana ake yi, kuma dole ne a yi a ranar?

Thanksgiving bikin godiya ne na Amurkawa, inda dangi ke taruwa su ci gasasshen talotalo, kuma ana yin sa Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Shugaba Lincoln ya ayyana bikin a 1863, Majalisa ta tsayar da wannan Alhamis a 1941. A wajen Amurka ranar aiki ce, don haka yawancin Amurkawa mazauna Abuja ko Yamai sukan ɗage cin abincin zuwa Asabar. Mai son gaisawa da dangi ya tuna New York tana bayan Najeriya da awa 6 a Nuwamba.

Talotalon kasuwa zai yi?

Zai yi, amma fa ba irin na Amurka ba ne. Nasu ana kiwonsa ne don ƙirji, namu kuwa ya sha yawo, namansa ya fi tauri, kitsensa kaɗan. Maganinsa ruwan gishiri: giram 60 a kowace lita, a nutsa shi ciki awa 12 zuwa 18 a firji, a tsane shi sosai, a shafe da man shanu har ƙarƙashin fata. A yanka shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Wanda aka fige da safe aka gasa da rana, haƙori zai gaya maka. A lissafa rabin kilo ga kowane mutum.

In daskararre aka samu fa?

A firji, kowane kilo 2 yana cin kwana ɗaya kafin ƙanƙara ta sake shi, wato mai kilo 6 kwana 3. Inda wuta ba ta da tabbas, gara ruwan sanyi: awa ɗaya ga kowane kilo, ana sauya ruwan duk rabin awa, a gasa nan take. Kada a bar shi ya kwana a kan tebur, waje zai fara lalacewa ciki bai narke ba.

Me ke sa ƙirji ya bushe cinya ba ta nuna ba?

Ƙirji ya fi saurin dahuwa. Sannan littattafan girkin Amurka da Fahrenheit suke lissafi, 325 ɗinsu kusan 165 ne a obin ɗinmu mai lissafi da Celsius. Mai kilo 5 zuwa 6 zai ci awa 3 ko fiye da haka kaɗan. A rufe ƙirjin da takardar alminiyam in ya fara ja, a soka ma'aunin zafi a kaurin cinya ba tare da taɓa ƙashi ba. Sai ya nuna 74 za a sauke, a bar shi ya huta rabin awa. In obin ɗin ƙarami ne, a raba cinyoyi da ƙirji a gasa daban. Ba zai yi kyan hoto ba, amma ya fi daɗi.

Ina za a samu cranberry da kabewar gwangwani?

Zoɓo ya rufa asiri, a Florida ma da shi ake maye gurbin cranberry, wato jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake dafawa da sukari a ci da talotalon. A wanke yashin, a jiƙa kofi 2, a dafa da kofin sukari da ɓawon lemo har ya yi kauri.

Kabewa kuwa, wadda ake yin gasasshen kayan zaƙin bikin (pumpkin pie) da ita, a gasa ta, kada a tafasa, don ruwa zai hana haɗin kamawa. A niƙa, a tace a ƙyalle. Giram 425 na ɗaukar ƙwai 2, madarar gwangwani mililita 350, sukari giram 150, kirfa, citta da ɗan kanumfari.