Ƙaramar bindiga mai ɗana kanta da masu riƙe ta don wasan harbi

Ƙaramar bindiga mai ɗana kanta, wadda aka fi sani da fistol, ita ce bindigar hannu da duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, amma da ƙarfin wannan harbin take tofar da kwanson da ya ƙone ta ɗauko sabon harsashi ta saka a ciki da kanta. Mutane da yawa suna ɗauka kamar mashin-gan take, wato ka danne kunama ta yi ta zubowa, ba haka bane, sai ka saki ka sake ja. Ta kuma bambanta da libarba, ita libarba harsasanta a cikin wani gangan ƙarfe mai juyawa suke, galibi 5 ko 6, fistol kuwa a magazin suke, wato gidan harsasai wanda ake turawa ta ƙasan mariƙi. A ƙasashe irinsu Amurka, Cek, Siwizalan, Filifin da Afirka ta Kudu akwai jama'a da yawa da suka ɗauki harbi da ita a matsayin wasa, suna da ƙungiyoyi da gasa da filayen harbi masu rajista.

Yadda take aiki

Saman bindigar akwai wani murfin ƙarfe mai zamewa gaba da baya, masu abin silaid suke ce masa. In an ja kunama allura zata bugi gindin harsashi, albarushi ya kama, kan harsashin ya fita ta bututu, ƙarfin ya turo murfin baya ya fizgo kwanson ya jefar gefe, sai sifirin ya dawo da shi gaba, a hanyar dawowa ya kwaso harsashi na gaba daga magazin ya cusa a gindin bututu, duk wannan kafin ƙiftawar ido. Yawancin na zamani a kan tsarin John Browning suke, Ba'amurken da ya ƙera fistol ɗin M1911 wadda sojan Amurka suka karɓa a 1911 suka riƙe har 1985. Abinda ya kamata a riƙe anan shine wannan harsashi da ya riga ya shiga bututu baya fita don an cire magazin, yana nan a ɗane yana jira, kuma da yawa daga haɗarin da ake samu a gida daga nan yake zuwa.

Misalin Glock 17

Da wuya kaje filin harbi a Amurka baka ga Glock ba. Gaston Glock injiniya ne ɗan Austiriya, kamfaninsa da ya kafa a 1963 a Deutsch-Wagram sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi, bai taɓa ƙera bindiga ba sai da sojan ƙasar suka fara neman wadda zata maye Walther P38 ta zamanin yaƙin duniya na biyu, ya shiga takara ya ci, aka karɓi bindigarsa, wato Glock 17, a 1982 da sunan P80. Gangar jikinta da mariƙinta roba ce mai ƙarfi, murfi da bututu ƙarfe, sassanta duka talatin da 'yan kai, tana cin harsashi 17 samfurin 9x19 wanda Georg Luger ya fito da shi tun farkon shekarun 1900. Ƙanwarta Glock 19 ta zo a 1988, ta fi gajarta tana cin 15. Lokacin da Glock 17 ta shiga Amurka an yi ta yaɗa cewa bindigar roba ce na'urar filin jirgi bata ganinta, wanda ba gaskiya bane don ƙarfen jikinta ya fi robar nauyi nesa ba kusa ba. Shi Glock ya rasu a Disamba 2023 yana da shekara 94.

Bindigar Glock bata da makullin gefe da ake ɗagawa da yatsa kamar na M1911, kariyarta guda uku a ciki suke kuma jan kunama ne ke sakinsu ɗaya bayan ɗaya, wato in ta faɗi ƙasa bazata tashi ba, amma in yatsa ko gefen riga ya ja kunamar babu abinda zai tare.

Mallaka

A Amurka mai saye daga dila mai lasisi sai ya kai shekara 21, ya cike fom 4473, a duba tarihinsa a tsarin NICS na hukumar bincike ta FBI da ya fara aiki a 1998, sannan kowace jiha da nata ƙarin sharuɗɗa. Birtaniya ta bi wata hanya daban, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996 aka haramta kusan duk ƙananan bindigogi a Ingila, Sikotilan da Wales a 1997. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka fistol da libarba cikin haramtattun makamai, shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon bada lasisinsu, ba ɗaya suke da bindigar farauta ko adaka da 'yan sanda ke iya bada izini ba, don haka wannan wasa ba abu bane da farar hula zai ce zai shiga haka kawai.

Harbi

Ƙa'idoji huɗu da malamin harbi Ba'amurke Jeff Cooper ya yaɗa su ake fara koya wa kowa: ka ɗauka kowace bindiga a ɗane take, kar ka nuna bakinta ga abinda baka son lalatawa, yatsa baya shiga kunama sai ka daidaita saiti, sannan ka san abinda kake harbi da abinda ke bayansa. Shi Cooper ne shugaban farko na IPSC, ƙungiyar gasar harbi da aka kafa a 1976 a Columbia ta jihar Missouri. A gasarsu ɗan wasa zai tsaya hannu a sake, alƙali na bayansa riƙe da agogo, ƙarar agogon na tashi ya zaro ya bi allunan kwali da faranten ƙarfe yana gudu yana canza magazin, a ƙarshe a raba makinsa da daƙiƙoƙin da ya ɓata. Wanda ya bari bakin bindiga ya juyo baya ko ta tashi ba da niyya ba, an kore shi daga gasar ranar gaba ɗaya komai ƙwarewarsa, kuma a ganina wannan tsananin shine abu mafi kyau a wasan.

Matsalar sabon shiga kusan ɗaya ce ko'ina, yana tsoron ƙarar sai ya danna hannu ƙasa kafin harsashin ya fita, mai harbi da hannun dama zaka ga harbinsa ya taru ƙasa ta hagu. In kuma riƙon yayi sako-sako murfin baya kaiwa ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a tsaye a baki kamar bututun hayaƙi. Wanda yafi haɗari shine a ji ƙarar tayi rauni, hakan na nufin ƙila kan harsashi ya tsaya cikin bututu, a sake harbi a kansa bututun na iya fashewa a hannu, dole a tsaya a duba. Toshin kunne da tabarau wajibi ne, ƙarar ta kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, harbi ɗaya ma na iya taɓa ji.

Kulawa da ajiya

Wankin Glock baya ɗaukar lokaci amma nan ne ake yawan kuskure, saboda sai an ja kunama kafin murfin ya fita. Shi yasa mai hankali yake fara cire magazin, ya ja murfi baya ya maƙale shi, ya leƙa gindin bututu da ido ya kuma saka ɗan yatsa ya taɓa, harsasan ma a wani ɗaki zai barsu. Daga nan zata rabu gida huɗu a kan tsumma, murfi, bututu, sifirin da gangar jiki. Ana tura buroshi da ruwan wanki ta gindin bututu, a bi da ƙyalle har ya fito fari, a goge baƙin hayaƙin da ya taru a fuskar murfi da tsohon buroshin haƙori, mai kuwa ɗigo kaɗan ne a layin da murfi ke zamewa da bayan bututu, ramin allura ba'a sa masa ko kaɗan don yana tara datti ya hana ta bugu da ƙarfi. Sifirin yana gajiya bayan dubban harbi sai a canza, magazin da ya fara bada matsala a sa masa alama a ware. Akwai kuma dalma da ke tashi a hayaƙi ta manne a hannu da kaya musamman a filin harbi na cikin gini, ba'a cin abinci sai an wanke hannu da sabulu.

Ajiya a akwatin ƙarfe mai makulli ake yi, babu harsashi a ciki, harsasai a wani wuri daban. Sama da rabin mutuwar bindiga a Amurka kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa, banda yaran da ke tsintar ta uba a ƙarƙashin matashi ko cikin durowa, shi yasa jihohi irinsu Massachusetts suka mayar da kulle bindiga doka, dillalai masu lasisi kuma dokar tarayya ta tilasta musu haɗa wa mai sayen fistol da makulli ko abin ajiya.