Tallan Taba a Zariya: Abin da Doka Ta Hana da Inda Yake Ɓuya

Wace doka ce ta hana tallan taba?

Dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019. Tushenta yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba ce, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005. Ta hana tallan taba a rediyo, talabijin, jarida da allunan bakin titi, ta kuma hana kamfanin taba ɗaukar nauyin wasa ko biki don tallata hajarsa. Amma ta bar wani giɓi: ana iya tallata wa baligin da ya yarda, kai tsaye. Ta wannan ƙofa ake yawan kutsawa.

To in an hana, ina tallan ya koma?

Ya sauko teburin mai kanti. Ku duba kiyos a Samaru ko Sabon Gari: kwalin sigari jere kusa da alawa da biskit, daidai tsayin idon yaron da aka aika sayen sukari. Ga lema mai launin kwalin taba, ba suna, amma mai sha ya gane. Ga kuma waya, inda ake nuna shisha mai ƙamshin tuffa ko na'a-na'a kamar abin ƙwalisa, alhali hayaƙin taba ne.

Me ya sa aka fi damuwa da matasa?

Yawancin masu shan taba sun fara ne kafin su cika shekara 18, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ke saurin kama yaro. Taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara a duniya. Kamfani na buƙatar sababbin masu sha su maye gurbinsu, talla kuwa shi ne tarkon.

Sayar da kara ɗaya laifi ne?

Ƙwarai. Doka ta ce kwali mai kara 20 za a sayar, ba a kuma sayar wa wanda bai kai 18 ba. Dalili biyu ne. Kara ɗaya bai fi ƙarfin kuɗin tara na ɗan makaranta ba. Sannan hoton gargaɗin da doka ta wajabta a jikin kwali yake; wanda ya karɓi kara a hannun mai shayi bai taɓa ganinsa ba. A ganinmu nan ne babbar ɓaraka.

Me unguwa za ta iya yi?

Iyaye su daina aiken yaro sayen sigari, don shi ne darasinsa na farko. Mai unguwa da limami su zauna da masu teburi, a janye kwalin daga gefen alawa, musamman a bakin makarantu.